Amsar da Aka Hana Ni Bayarwa

Mijina ne yake gasa burodin da ake ci a Jibin Ubangiji, wato cin burodin tunawa da mutuwar Yesu, a cocinmu, amma shi kansa ya yi shekaru bai ɗauki ko gutsure ba. Idan farantin ya iso bencinmu, sai ya karɓe shi da hannu biyu, ya sunkuyar da kai, ya miƙo mini. Na bayanmu suna gani, na gabanmu ma suna gani, don na daɗe da gano cewa a coci har ƙeyar mutane ido gare ta. Babu wanda ya taɓa tambayata, amma na san ana ta saƙe-saƙe a zuci: wane irin zunubi ne Dogo ya aikata haka?

Da sun tambaye ni da na huta, don amsar gajeriya ce: bai aikata komai ba. Dogo, kamar yadda kowa yake kiransa a unguwa, mutum ne da idan ya taka wutsiyar kyanwa sai ya tsaya ya ba ta haƙuri. Gidan burodinmu ɗaki biyu ne. A na ciki akwai murhun gashi, da dogon teburin kwaɓi, da buhunan fulawa jingine da bango, nan yake wuni. A na waje akwai kanta mai gilashi da ƙofa mai kallon titi, nan kuma nawa ne, don ni Allah ya ba ni baki, shi ya ba shi hannu. Mun yi aure da ƙuruciya, mun haifi 'ya'ya, sun girma sun kama gabansu. Idan aka cire abu ɗaya, ba ni da ƙorafin da zan kai gaban kowa.

Abu ɗayan kuwa ya faro ne wata Lahadi ana tsakiyar addu'a. Wata mummunar kalma game da Allah ta gilma a ransa, haka kawai, ba sallama. Bai taɓa faɗa mini ko wace kalma ce ba, ni ma ban matsa ba. Ya firgita, ya roƙi gafara, kalmar ta dawo. Ya sake roƙo, ta sake dawowa. Ana cikin haka wani baƙon mai wa'azi, irin masu dukan tebur ɗin nan, ya zo ya yi mana wa'azi a kan zunubin da ba a gafartawa. Mutumin ya gama, ya sha ruwa, ya shiga motarsa ya tafi abinsa, ya bar mini miji zaune a benci kamar an zare masa laka. Tun daga ranar Dogo ya yanke wa kansa hukunci cewa shi ne wanda ake nufi, kuma mutum irinsa ba shi da hurumin taɓa teburin Ubangiji.

Daga nan tambayar ta tare a gidanmu. Zai leƙo daga ɗakin ciki, hannuwansa fari fat da fulawa, ya jira mai saye ya fita, sannan ya ce a hankali:

"Maman yara, kina ganin an gafarta mini kuwa?"

"An gafarta maka mana, Baban yara. Tun yaushe!"

Sai in kawo masa aya. Ba yabon kai ba, a wannan fannin na ƙware. Ina da ayar safe, ina da ta rana, ina da wadda nake ajiyewa don ranar da abin ya yi tsanani. Ina iya naɗe wa mutum burodi da hannuna, bakina yana can yana tabbatar wa mijina cewa jinƙan Allah ba ya ƙarewa. Sai ya sauke ajiyar zuciya, ya ce ya gode, ya koma wajen kwaɓinsa. Ni kuma in ji daɗi a raina, in ce ai wannan ita ce hidimar da aka kira ni in yi.

Addu'ar cin abinci ita ce babbar jarrabawa. Dogo zai fara da kyau, ya kai tsakiya, kalmar nan ta gilma, sai ya tsaya ya koma farko, don a ganinsa ba a miƙa wa Allah addu'ar da ta yi datti. Mu kuwa ido a rufe, hanci a buɗe, muna jin ƙamshin miya yana raguwa. Autarmu, tana ƙarama, ta taɓa dawowa daga gidan ƙawarta ta ce mini, "Mama, su a gidansu abinci yana hayaƙi." Na yi dariya a gabanta, na shiga kicin na share hawaye.

Fastonmu dattijo ne mai haƙuri kamar ƙasa. Kusan kowane mako Dogo yana zuwa wurinsa ya tuba da zunubin da ya riga ya tuba da shi makon da ya wuce. An yi masa addu'a, an ɗora masa hannu, ƙungiyar mata ma ta yi azumi dominsa ba tare da sun san dalili ba, abin da ya fi yunwar ci musu rai. Rannan da hantsi Fasto ya biyo ta shagonmu, ya sayi burodi, ya ja kujera ya zauna, alamar ba burodin ne ya kawo shi ba.

"Mama, ni dai na kai ƙarshen abin da na sani," ya ce. "Duk abin da nake faɗa wa Dogo gaskiya ne, yana kuma karɓa. Amma kafin ya kai ƙofar coci ya zube masa. Akwai wata 'yar'uwa da ta dawo cikinmu kwanan nan, ta yi karatun lafiyar tunani, a asibiti take aiki. Ran Laraba da yamma tana ganin mutane a ajin yara. Ina so ku je."

Na ajiye wuƙar da ke hannuna. "Baba Fasto, mijina fa ba mahaukaci ba ne."

"Wa ya ce mahaukaci ne? Shekarar da ya ƙone hannu a murhu, me kika yi?"

"Na yi masa addu'a."

"Sai kuma me?"

"Na kai shi asibiti," na ce, ina hararar kanta, tunda ba a hararar fasto.

Dogo bai yi gardama ba, ya gaji har ya wuce nan. Ran Laraba muka rufe shago da wuri muka tafi. Ajin yaran kujerunsa duk ƙanana ne, bango kuma cike da zanen tumaki masu kama da karnuka. Da Dogo ya zauna, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Malama, haka kowa yake kiranta, ba ta wuce sa'ar babbar 'yata ba, siririya mai tabarau. Ina ganinta na ce a raina, ni da na goya irinta, me za ta koya mini a kan mijina? Ta gaishe mu da ladabi, ta tambaya ko muna so a fara da addu'a. Ta yi 'yar gajeriya ta ce amin tun kafin in gama gyara zama. Sannan ta bar Dogo ya ba da labarinsa, ba ta katse shi ba. Ni ce na yi ta katse shi, ina cike masa inda na ga ya rage.

"Baba, tunanin nan, kana sonsa?" ta tambaya bayan ya gama.

"Allah ya kiyaye!"

"Ka taɓa kiransa ya zo?"

"Ni? Gudunsa nake yi kullum."

"To idan Mama ta ce maka an gafarta maka, hankalinka yana kwanciya?"

"Yana kwanciya."

"Har zuwa yaushe?"

Dogo ya murza yatsunsa. "Da can yakan daɗe. Daga baya ya koma wuni guda. Yanzu kam, kafin kwaɓi ya tashi abin ya dawo."

Malama ta gyaɗa kai kamar wadda ta saba jin haka. "Baba, babu mutumin da mugun tunani bai taɓa gilma masa ba, har ni, har Fasto. Yawancin mutane sai su ce tir, su wuce. Amma akwai wani ciwo, sananne ne, muna ganinsa a asibiti, mai sa tunanin ya maƙale ya ƙi wucewa. Kuma yakan kama mutum ne a wurin abin da ya fi ƙauna. Mai jego takan ji tsoron za ta cutar da jaririnta, alhali ta fi kowa sonsa. Kai kuma Allah ka fi ƙauna, shi ya sa ya kama ka a nan."

Dogo ya ɗago ya dube ta, idonsa ya kawo ruwa. Duk shekarun nan babu wanda ya taɓa ce masa ƙauna ce a gindin abin. Ni kaina, da duk ayoyina, wannan bai taɓa zo mini a rai ba. Na fara ganin yarinyar da ɗan mutunci. Ashe ba ta zo kaina ba tukuna.

"Mama, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa," ta ce tana juyowa wajena. "Amsar da kike ba shi gaskiya ce. Amma ita take ciyar da ciwon."

"Ban gane ba."

"Kamar ƙaiƙayi ne. A sosa a ji daɗi, an jima ya dawo ya fi na da. Tambayar nan sosawa ce. Komawa farkon addu'a sosawa ce. Zuwa wurin Fasto da tuba iri ɗaya sosawa ce. Duk sanda aka amsa masa, zuciyarsa tana koyon cewa ba za ta zauna lafiya ba sai an sake amsawa. Ina so ki daina amsawa."

Na ji kaina ya ɗau zafi. "Wato in ga mijina yana nutsewa in naɗe hannu? Yarinya, kin san tun yaushe nake riƙe da mutumin nan? Maganar Allah fa nake faɗa masa, ba tatsuniya ba!"

"Na sani, Mama. Da ba ki riƙe shi ba, da ban san inda za a same shi yau ba. Ban ce ku ajiye Maganar Allah ba, ku karanta ta safe da yamma yadda kuka saba. Kawai kada ta zama abin sosa ƙaiƙayi. Ba kuma zan taɓa sa Baba ya yi abin da bangaskiyarsa ta hana ba. Maganar gafara kuwa ba tawa ba ce, ta Fasto ce. Laraba mai zuwa zai zo nan ya amsa ta, cikakkiyar amsa, sau ɗaya."

A hanyar gida ni ce a gaba, ina tafiya ina ƙunƙuni, ina tsara maganganun da ya kamata in faɗa mata waɗanda ba su zo mini ba sai da muka fito. Dogo yana biye da ni. Da muka zo tsallaka titi ya kamo gefen mayafina.

"Maman yara, ta ce ciwo ne."

"Na ji."

"Ta ce akwai wasu irina."

Na juyo na dube shi. Rabon da in ga fuskarsa a sake haka har na manta. Sai na haɗiye sauran ƙunƙunina, muka tsallaka tare.

Laraba ta zagayo, Fasto ya zo, shi ma ya lanƙwashe a 'yar kujerar yara yana nishi. Ya buɗe Maganar Allah ya bi da Dogo wuri bayan wuri, ba gaggawa. Ya nuna masa cewa wanda ya juya wa Allah baya da gangan ba ya zama yana kuka don tsoron ya ɓata wa Allah rai. Ya ce abin da Yesu ya yi a kan gicciye ba abu ne da kalma mai ratsawa ta cikin kai za ta warware ba, kuma teburin Ubangiji ba don waɗanda suke jin sun isa aka shimfiɗa shi ba. Dogo ya zazzage duk tambayoyin da ya tara, Fasto ya amsa su ɗaya bayan ɗaya har rana ta yi sanyi. Sannan ya dafa kafaɗarsa.

"Ɗan'uwa, a gaban Allah da gaban matarka nake faɗa maka: an gafarta maka. Ba zan sake faɗa ba. Ba don na gaji da kai ba, sai don maganar ba ta tsufa, ba ta bukatar a sabunta ta."

"To idan ban ji haka a zuciyata ba fa, Baba Fasto?"

Malama ce ta amsa. "Ji yana zuwa yana tafiya, Baba. Abin da za mu koya shi ne ka ci gaba da aikinka da addu'arka, tsoron yana nan zaune a gefe, ba ka kore shi ba, ba ka kuma yi masa hidima ba. Da farko akwai wuya. Idan ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, akwai likitan da zai ƙara maka da magani, ba abin kunya ba ne. Ka yarda mu gwada?"

Dogo ya ce ya yarda. Ya juyo ya ce mini a gabansu, "Ko na roƙe ki, kada ki amsa." Ni kuma aka ba ni nawa rabon. Idan ya tambaya, abin da zan ce kawai shi ne, "Na ga kana shan wuya. Ina nan tare da kai." Shi ke nan. Ni da nake iya yin rabin wuni ina magana ban maimaita kalma ba, aka ɗaure mini baki da abin da bai cika cokali ba.

Dogo ba wawa ba ne, ciwon ma ba wawa ba ne. Da ya ga ƙofar gaba a rufe, sai ya fara zagayowa ta baya. "Maman yara, a ce wani mutum, ba ni ba, wani dai can..." Sai in ce masa na ga yana shan wuya. Ya kira Fasto a waya wai yana tambayar yawan burodin da za a bukata, a ƙarshe ya saƙala tambayarsa. Ina jin muryar Fasto daga inda nake: "An amsa wannan, ɗan'uwa. Ka gaida Mama." Har direban da yake kawo mana fulawa sai da ya tare shi, wai ko yana ganin akwai laifin da Allah ba ya yafewa. Bawan Allah ya sauke buhunansa da sauri ya ce shi dai tuƙi ya sani.

Ni ma ban fi shi gaskiya ba. Baki na rufe, amma na gano cewa idan ya tambaya ina iya ɗan gyaɗa kai. Wani lokaci kuma in kama rera waƙar coci wadda duk baitocinta gafara ce, ina goge kanta kamar ba da kowa nake ba. Da muka koma, Malama ta tambayi yadda mako ya kasance, na ce lafiya lau, ban amsa ko sau ɗaya ba. Dogo, wanda ba ya iya ƙarya ko don ya rufa wa matarsa asiri, ya gyara murya.

"Bakinta bai amsa ba. Kanta ne yake amsawa. Kuma tana waƙa."

Malama ta cire tabarau ta yi dariya har da hawaye. "Mama, a kama kan ma. Waƙar kuma a bar ta sai lokacin da ba a yi tambaya ba."

Na so in yi fushi, amma dariyar ta fi ƙarfina.

Ranar da ba zan manta ba, ana ruwan sama ne tun hantsi, babu masu saye. Bayan azahar ya fito ya tsaya a bakin ƙofar ciki, fuskarsa kamar ta wanda aka yi wa rasuwa.

"Maman yara, yau ta zo da muni. Ba irin ta kullum ba. Don Allah, sau ɗaya kawai. An gafarta mini?"

"Na ga kana shan wuya. Ina nan tare da kai."

"Kalma ɗaya ce fa. Ee kawai za ki ce."

"Ina nan tare da kai, Baban yara."

"Kin gaji da ni ke nan," ya ce. "Ko kuwa ke ma kin fara shakka?"

Wannan maganar ta soke ni har ƙashi. Amsar tana bakin harshena, da ayarta, a shirye. A rayuwata ban taɓa son faɗin wata kalma kamar yadda na so faɗin wannan ba, kuma a lokacin na tsani Malama da tabaraunta da ƙananan kujerunta. Na zagayo daga bayan kanta, na kama hannunsa, na ja shi ciki, na zaunar da shi a kan buhu, na zauna kusa da shi. Gumi yana tsattsafo masa, numfashinsa sama-sama, ruwa yana dukan kwanon rufi. Addu'a ɗaya nake yi a zuci: Ubangiji, ni ka rufe mini baki, kai ka yi magana.

Mun daɗe a haka. Can sai ya dubi tebur ya ce, "Kwaɓin nan zai wuce lokacinsa." Ya tashi, ya barbaɗa fulawa, ya fara yankawa yana mulmulawa. Na tsaya ina shafa wa gwangwanaye mai ina miƙa masa, aikin da na daɗe ban taya shi ba. Sai da muka cika murhu, ya rufe, ya goge hannu a rigar aikinsa, sannan ya tsaya cak kamar mai sauraron wani abu daga nesa.

"Ya sauka," ya ce.

"Me ya sauka?"

"Tsoron. Ba wanda ya amsa mini, kuma ya sauka da kansa." Ya dube ni da mamaki. "Ashe yana sauka?"

Ni ce na fashe da kuka, shi ya koma yana lallashina. Sai da yamma wata mai saye ta nuna mini shatin hannunsa na fulawa a bayan rigata.

Ba zan ce daga ranar komai ya daidaita ba. Akwai makon da ya yi kyau, akwai wanda muka koma baya. Amma tambayar ta fara tazara, kuma da ta rage sai na lura da wani abu da ya ba ni kunya: ashe shekara da shekaru kusan ita ce dukan hirarmu. Yanzu sai ga mu muna gardama a kan kalar fentin da za a yi wa shago, muna gulmar surukanmu, yana ba ni labarin ubangidansa na farko da ya koya masa gashi, mutumin da yake zagin kwaɓi idan ya ƙi tashi. Na manta cewa mijina yana da ban dariya. Tafiyar Laraba ma ta zama kamar ta saurayi da budurwa. Mukan dawo a hankali, mu tsaya kallon kayan da ba za mu saya ba.

Malama ba ta taɓa tura shi ba, shi yake zaɓar matakin da zai taka. Ya fara da addu'ar abinci, ranar da Auta ta zo mana wuni. Ya kai tsakiya ya tsaya. Na ji numfashinsa ya canza, na san kalmar ta zo. Na matse idona, na matse bakina. Sai ya ci gaba daga inda ya tsaya har ya kai amin. Muka buɗe ido, tururi yana tashi daga kwano. Ya kai loma baki ya yi saurin buɗe shi yana fifita da hannu.

"Wai! Dama haka abincinki yake da zafi?"

Auta ta yi dariya har ta ƙware, sai da na bubbuga mata baya.

Daga nan ya daina kai wa Fasto tsohuwar tubarsa. Yakan je su yi hira kawai, su sha shayi. Ya koma rera waƙa a coci ba tare da ya tsaya a tsakiyar baiti ba. Abu ɗaya ya rage, kuma duk mun san shi, ba mai ambatarsa. Wata Lahadi ta Jibin Ubangiji ya ce mini tun a gida yau zai ɗauka. Farantin ya zo, ya riƙe shi ya daɗe yana kallonsa, sannan ya miƙo mini kansa a ƙasa. A hanyar gida na saƙala hannuna a nasa. Malama ta ce wannan ba faɗuwa ba ce, ai ya riƙe ya duba, da can ko kallo ba ya yi.

Da lokacin ya sake zagayowa bai yi mini alkawarin komai ba. Ya gasa burodin ran Asabar, ya yanka shi ƙanana-ƙanana a kan farin ƙyalle, da safe ya kai wa dattawa kamar kullum, muka zauna a bencinmu. Aka yi waƙa, aka yi wa'azi, ban ji ko kalma ɗaya ba. Fasto ya yi godiya, ya gutsura, dattawa suka fara bin layi da farantai. Ina kallon namu yana tahowa daga hannu zuwa hannu.

Dogo ya karɓa da hannu biyu. Ya juyo ya dube ni, leɓunansa suka buɗe. Na san tambayar, na ga ta taso har maƙogwaronsa. Na kafe wuyana kada kaina ya ci amanata, na dai tsare shi da ido. Ya rufe bakinsa, ya haɗiye ta. Ya mai da dubansa kan farantin. Yatsun nan da suka saba da zafin murhu suka sauka a kansa. Ya ɗauki gutsure ɗaya, ya kai baki, ya rufe ido yana taunawa, hawaye yana gangarowa har haɓarsa.

Ya sunkuyo kusa da kunnena. "Kalmar tana nan. Har yanzu ina jin tsoro."

"Na sani," na ce.

"Amma na ci."

Ya miƙo mini farantin. Na karɓa na riƙe, na kasa ganin komai, idona ya cika. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Matar da ke gefena tana jira, dattijon da ke tsaye a bakin benci ya yi gyaran murya, ni kuwa na manta abin da ake yi da faranti. Sai na ji Dogo ya taɓa ni da gwiwar hannu.

"Maman yara, ɗauki mana," ya ce a hankali. "Ke ma naki ne."